Babi na Shida: Ta Wane Layi Za a Turo?

Duk wanda ya taɓa cire USDT daga manhajar musayar kirifto ya san wannan allon. Ka liƙa adireshin wanda za ka tura wa, ka sa adadi, sai manhajar ta tare ka da tambaya: ta wane layi? Jerin sunaye ya zubo, TRC20, ERC20, BEP20, Solana, Polygon, Arbitrum, TON, gaban kowanne an rubuta abin da za a cire maka da mintocin da ake sa ran saƙon zai ɗauka. Wani 'yan senti ne, wani dala guda, wani kuwa a ranar da kasuwa ta rikice ya fi ƙarfin kuɗin da kake son turawa. Kuɗin iri ɗaya ne, kamfanin Tether ne ya fitar da shi, kuma dala ɗaya yake wakilta ko ta ina ya bi. Abin da ya bambanta shi ne kundin da za a rubuta cinikin a ciki, da kuma su wa ke riƙe da kundin.

Ido kan faɗa wa lambar da ta fi ƙanƙanta, kuma ba laifi, kowa na son sauƙi. Sai dai wannan lamba ita ce mafi ƙarancin abin da ya kamata ya dami mai turawa.

Kuɗin da ake cira a bulokcen, wanda 'yan harkar ke kira kuɗin gas, ba farashi ba ne da wani ofishi ya yanke ya manna a bango. Gwanjo ne. Kowane shafi na kundin yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma shafukan suna fitowa a kan lokaci: na Bitcoin kusan kowane minti 10, na Ethereum kowace daƙiƙa 12, na Tron kowace daƙiƙa 3. In masu son shiga sun fi gurbi yawa, wanda ya fi biya shi ake fara ɗauka. Wanda ya taɓa neman motar Kano a tashar Zuba ranar jajiberin Sallah ya riga ya fahimci tsarin: motar ita ce ta jiya, hanyar ita ce ta jiya, kujerun ba su ƙaru ba, fasinja ne suka yi yawa, sai kuɗin mota ya ninka. A Ethereum ma an rubuta wannan a cikin ƙa'idar layin tun watan Agustan 2021. Duk shafin da ya cika maƙil, farashin na bayansa zai hau da kashi 12.5 cikin ɗari. Shafi shida a jere, wato minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi, farashi ya ninka.

An ga iyakar wannan a daren 30 ga Afrilun 2022, lokacin da kamfanin Yuga Labs ya buɗe sayar da filaye 55,000 na wata duniyar wasa ta intanet mai suna Otherside. Masu saye suka yi caa a lokaci guda, kuɗin gas kaɗai da aka ƙona a 'yan sa'o'in nan ya haura dala miliyan 150, wasu suka biya dubban daloli a kan ciniki ɗaya. Wanda ba ruwansa da filin wasa, yana son ya tura wa ƙaninsa dala 50 ne kawai, shi ma farashin nan ya tarar. Abin takaicin kuma, a Ethereum in cinikinka ya shiga ya gaza, gas ɗin da ya ci ya ciwu, ba a mayarwa. Bitcoin ma ya sha yin irin haka. A Disambar 2017 matsakaicin kuɗin tura saƙo ya wuce dala 50, ranar 20 ga Afrilun 2024 kuwa ya haura dala 100, saboda wani sabon tsarin ƙirƙirar sulalla a kan layin da ake kira Runes ya fara aiki a ranar.

Wani abu da sabon shiga ba ya saurin ganewa shi ne, layin bai damu da yawan kuɗin da ka turo ba. Gurbin da saƙonka ya ci a shafi yake ƙirgawa. Mai tura dala miliyan da mai tura dala 20 kuɗi ɗaya za su biya. In kuɗin dala 4 ne, ga na farko ko a jikinsa, ga na biyu kuwa an yanke masa kashi ɗaya cikin biyar. Tsarin da ake tallata shi da sunan talaka, a wajen biyan kuɗin hanya mai hannu da shuni yake wa rangwame.

To ta yaya wasu layukan suke iya cajin ƙasa da senti guda? A Solana asalin kuɗin ciniki 0.000005 ne na sulensa SOL, abin da ko kwabo ba za a kira shi ba. Amsar tana wajen masu riƙe kundin. Kafin ciniki ya faɗa, sai kwamfutocin da ke tantancewa sun yarda da juna. In suna da yawa, a warwatse cikin duniya, wasu ma a ɗakunan mutane da intanet mai rauni, dole a yi shafi ƙarami a kuma tafi a hankali don kowa ya iya biyo sawu. In kuwa kaɗan ne, ko kuma manyan injina ne masu tsada a cibiyoyin ajiyar bayanai, sai a buɗe wuta. Ethereum yana da kujerun tantancewa kimanin miliyan ɗaya, kowace an ajiye mata aƙalla ETH 32, ko da yake kaso mai tsoka na hannun 'yan manyan ƙungiyoyi da kamfanoni. Tron kuwa wakilai 27 ne ke rubuta kundinsa, masu riƙe da sulensa TRX ke zaɓensu da ƙuri'a, kuma nauyin ƙuri'ar mutum gwargwadon kuɗinsa ne. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana. A nan abin da aka bayar aka sayi arahar shi ne yawan hannuwan da ke riƙe da amanar.

Farkon Oktoban 2022 ya nuna mene ne ma'anar hakan a aikace. Wani ɓarawo ya gano ɓaraka a gadar da ke haɗa sassan layin BNB, ya ƙirƙiro wa kansa BNB miliyan 2, kimanin dala miliyan 570. Masu tantancewa da ke aiki a lokacin 26 ne. Aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka ce su dakata, suka dakata, layin gaba ɗaya ya tsaya cik na sa'o'i. Ɓarawon bai iya fitar da abin da ya wuce kimanin dala miliyan 100 ba. A ranar, masu kuɗi a layin sun yi hamdala, kuma da gaskiyarsu. Amma duk mai tunani ya ga ɗaya fuskar: layin da mutum 26 za su iya tsayarwa don alheri, mutum 26 ɗin nan za su iya tsayar da shi in wata gwamnati ta matsa musu, ko in son ransu ya motsa. Kada kuma masoya Ethereum su cika baki. A 2016, bayan an sace ETH miliyan 3.6 daga asusun haɗin gwiwa na The DAO, jama'ar layin sun taru sun sauya kundin don a mayar da kuɗin, waɗanda suka ƙi yarda suka ci gaba da tsohon kundi da sunan Ethereum Classic.

Wannan tsayawa ce da gangan. Akwai kuma wadda ba a shirya ba, kuma a nan sunan Solana ya fi fitowa. Ranar 14 ga Satumbar 2021 manhajojin bot masu rububin sayen wani sabon sule suka yi wa layin ambaliya da saƙonni har kwamfutocin tantancewa suka shaƙe. Sa'o'i 17 ba shiga ba fita. Sai da masu tantancewa suka haɗu a dandalin hira na Discord suka daidaita a kan shafin da za a tashi daga kai, sannan aka sake kunna shi. Ya sake tsayawa fiye da sau ɗaya a 2022, ya kwana a tsaye a Fabrairun 2023, ya kuma yi kusan sa'o'i 5 ranar 6 ga Fabrairun 2024. Adalci shi ne a faɗa cewa ba a rasa ko kwabo daga walat ɗin kowa ba saboda tsayawar kanta, kuma injiniyoyinsa sun yi gyara sosai, bayan ta 2024 ya yi sama da shekara bai tsaya ba. Amma ga wanda ke tsaye gaban mai kaya yana jiran alat, “kuɗinka na nan lafiya, sai dai ba ya motsi” ba magana ce mai sanyaya rai ba.

Matasan Arewa da yawa ba a littafi suka karanta wannan darasi ba. A 2024, shekarar danne-dannen waya, bayan Notcoin ta fashe a watan Mayu kowa ya koma ɗan baiwa, daga ɗalibi har mai shayi. Da aka zo rabon sulen DOGS a ƙarshen Agusta, miliyoyin mutane suka yi layi a lokaci guda don kwashe rabonsu, layin TON ya daina fitar da shafi na kimanin sa'o'i shida ranar 28 ga watan, ya dawo, ya sake ɗaukewa. Masu son su sayar da wuri suna kallon farashi yana sauka, ba halin motsi. Abin lura a nan, cunkoso ba ya zuwa ranar da ba kowa. Ranar da kake matuƙar buƙatar layi, wato ranar fashewa ko ranar da kasuwa ke rugujewa, ita ce ranar da kowa ke buƙatarsa. Don haka farashi da saurin da aka rubuta a talla na ranar zaman lafiya ne.

Tsakanin tsada da rauni an yi ƙoƙarin samar da hanya ta uku. Layuka irin su Arbitrum, Optimism da Base suna tattara dubban ciniki a wajensu, su dunƙule, su kai taƙaitaccen bayani kundin Ethereum. Tun gyaran Dencun na 13 ga Maris 2024 kuɗin tura saƙo a cikinsu ya faɗi zuwa 'yan senti. Ni a ganina wannan dabara ce mai kyau, amma tana da nata ƙullin. Kwamfutar da ke jera ciniki a kowannensu guda ce, kamfanin ke tafiyar da ita, kuma ta Arbitrum ta tsaya sama da sa'a guda ranar 15 ga Disambar 2023. Wanda kuma yake son ya mayar da kuɗinsa babban layin Ethereum ta ƙofar hukuma, sai ya jira kwana bakwai. Bitcoin na da irin tasa mai suna Lightning, mai sauri da araha ga ƙananan kuɗi, sai dai in ba ka iya sarrafa ta da kanka ba, walat ɗin wani kamfani za ka riƙe, amanar ta koma hannunsa.

Idan aka bi wannan lissafi, mutum zai zaci jama'a sun rabu biyu: masu tsoro suna Ethereum, masu son banza suna Solana ko Base. Ba haka abin yake a kasuwa ba. Layin da ɗan kasuwar Legas, Kano, Istanbul da Buenos Aires ya fi tura dalar intanet ta kansa shi ne Tron, wato TRC20, wanda bai fi kowa araha ba, bai kuma fi kowa yawan masu tantancewa ba. USDT ta hau Tron a 2019, zuwa tsakiyar 2025 wadda ke kansa ta haura dala biliyan 80, kusan rabin duk USDT ɗin duniya. Wannan ya cancanci a tsaya a duba.

A ce wani mai shagon waya a kasuwar Farm Centre ta Kano zai biya kuɗin kaya a Guangzhou. Ƙasar Sin ta haramta cinikin kirifto tun Satumbar 2021, don haka masana'anta ba USDT take karɓa ba. Akwai dillali a tsakiya, shi zai karɓi USDT ya biya mai kaya da yuwan. Yaron shago ne ke riƙe da wayar.

“Alhaji, ya turo adireshi. Ya ce ta TRC20.”

“Ba kai ka ce akwai wadda kusan kyauta ce ba? Me ya sa za mu biya dala?”

“Ranka ya daɗe, ba ya karɓar waccan. Ya ce in adireshin bai fara da T ba, kada ma a soma.”

Magana ta ƙare ke nan. Alhaji bai zaɓi layi ba, dillali ya zaɓa masa, shi ma dillalin wanda zai saya a hannunsa ne ya zaɓa masa. Tron ya shigo ne a shekarun da Ethereum ke cajin dala 20 ko 30 a kan tura USDT, shi kuwa kusan kyauta. Manhajojin musaya suka rungume shi, 'yan P2P masu saye da sayarwa tsakanin mutum da mutum suka saba, 'yan canji suka haddace. Layin kuma, a faɗi gaskiya, yana aiki: shafi kowace daƙiƙa 3, ciniki ya tabbata cikin kamar minti guda, kuma ba a san shi da irin doguwar sumar da Solana ta sha ba. Da jama'a suka taru, sai farashi ya fara hawa, amma ba wanda zai iya ficewa shi kaɗai, domin kuɗin da ba mai karɓa a ɗaya gefen ba kuɗi ba ne.

Yadda Tron ke caji ma abin sani ne, don nan mutane ke yawan tuntuɓe. Tura USDT yana cin wani abu da suke kira makamashi, kimanin 65,000 in adireshin da za a tura wa yana da USDT a ciki, kusan ninki biyu in babu komai. Wanda ya kulle TRX mai yawa yana samun makamashin kullum ba tare da biya ba, akwai ma masu ba da hayarsa. Wanda ba shi da shi, sai a ƙona masa TRX. A rabin farko na 2025 hakan na kamawa TRX 13 da ɗoriya, ko 27 ga adireshin da ba komai, wato daloli uku zuwa takwas gwargwadon farashin ranar. A watannin nan sau da yawa tura USDT ta Ethereum, wanda ya yi suna da tsada, ya fi na Tron sauƙi. Farashin makamashin kuma wakilan nan 27 ke yanke shi da ƙuri'a. Sun ɗaga shi sau da dama tsakanin 2020 da ƙarshen 2022, suka rage rabi a Satumbar 2024, suka sake zabge fiye da rabi a ƙarshen Agustan 2025, lokacin da ƙorafi ya yi yawa.

Sannan ga tarkon da kusan kowane sabon shiga ke faɗawa. An turo maka USDT 30 cikin sabon walat, kana ganinta ɓaro-ɓaro, ka danna tura, sai a ce ba ka da TRX. Kuɗin gas da sulen layin ake biyansa, ba da dalar da kake riƙe da ita ba: TRX a Tron, ETH a Ethereum da 'ya'yansa, BNB a nasa, SOL a Solana. Sai ka koma neman wanda zai sayar maka da TRX na dala biyar don ka motsa talatin.

Mu koma kan Alhaji da kayansa, mu yi lissafin da ya fi muhimmanci. A ce dala 3,000 zai biya. Kuɗin layi ko dala 4 aka ce, bai kai kashi ɗaya cikin ɗari bakwai ba. Amma kafin nan sai ya sayi USDT da naira, kuma mai sayarwa yana da ribarsa a kan kowace dala. A can kuma dillali zai yanke nasa wajen juyawa zuwa yuwan. In kowane gefe ya ci kashi ɗaya cikin ɗari kacal, dala 60 ta tafi, ninki goma sha biyar na kuɗin layin. Mutum zai ɓata rabin sa'a yana neman layin da zai rage masa dala biyu, sannan ya karɓi farashin farko da ɗan P2P ya faɗa masa ba tayi. Ƙofar shiga da ƙofar fita su ne inda kuɗi ke zuba. Layin da 'yan kasuwa kaɗan ne ke karɓarsa, masu sayensa ba su da gasa, sai su yanka maka farashi yadda suka so, arahar gas ɗin ta tashi a banza.

Duk da haka lissafin yakan fi na tsohuwar hanya, shi ya sa harkar ba ta mutu ba. Alƙaluman Bankin Duniya sun daɗe suna nuna cewa aika dala 200 zuwa ƙasashen Afirka kudu da Sahara na cin kusan kashi 8 cikin ɗari, mafi tsada a duniya. Ga ƙarancin dala a bankuna, ga naira da ta tashi daga kimanin 460 a farashin hukuma kafin Yunin 2023 ta wuce 1,500 a Fabrairun 2024. Kamfanin bincike na Chainalysis ya ƙiyasta cewa kirifto na kimanin dala biliyan 59 ya shigo Najeriya tsakanin Yulin 2023 da Yunin 2024, ya kuma sa ƙasar a matsayi na biyu a duniya wajen rungumar harkar.

Asarar da ta fi kowace zafi kuwa ba caji ba ce, kuskure ne, domin a nan ba manajan reshe da za a kai wa kuka. Adireshin Tron da T yake farawa, wannan da sauƙin ganewa. Amma Ethereum, BNB, Polygon, Arbitrum da Base duk adireshinsu da 0x yake farawa, kamanninsu ɗaya sak, manhaja ba za ta hana ka tura ta layin da mai karɓa bai buɗe ba. In walat ɗin na kansa ne, yana riƙe da kalmomin sirrinsa, yawanci kuɗin na nan a ɗaya layin, sai ya sauya ya gan shi. In kuwa adireshin manhajar musaya ne da ba ta karɓar wannan layi, sai roƙo da jira da biyan tara, wani lokaci ma a ce a yi haƙuri. A TON da XRP da Stellar, manhajojin musaya kan tara kowa a adireshi ɗaya, lambar memo ce ke bambanta mai kuɗi, wanda ya manta ta ya zuba kuɗinsa a tulun jama'a. Araha ma ta buɗe wa ɓarayi wata ƙofa: tunda tura saƙo kusan kyauta ne, sukan ƙirƙiri adireshi mai farko da ƙarshe irin na abokin cinikinka, su turo maka ɗan abin da bai kai kwabo ba don ya bayyana a tarihin walat ɗinka. Ranar da ka yi gaggawa ka kwafo daga tarihi, nasu ka kwafo. Masu hankali a harkar sukan fara tura dala biyar ko goma, su jira a ce “ta shigo”, sannan su saki sauran. A kan dala 3,000 biyan kuɗin layi sau biyu ba komai ba ne. A kan dala 20 kuwa gwajin ya cinye ribar, gara mutum ya zauna ya karanta adireshin harafi-harafi.

Akwai kuma abin da ingancin layi ba ya karewa, wato kuɗin da ke tafiya a kansa. A Mayun 2022 dalar UST ta Terra, wadda ba ta da dala ta gaske a bayanta sai dabarar lissafi, ta ruguje cikin mako guda, dukiya ta kusan dala biliyan 40 ta bi iska. A Maris 2023 USDC, wadda ake wa kallon ta fi kowa tsabta, ta faɗi har ƙasa da senti 90 saboda dala biliyan 3.3 na ajiyar kamfanin Circle ta maƙale a bankin Silicon Valley da ya durƙushe. Tether kuma, wanda hukumar kula da cinikin hajoji ta Amurka ta ci tararsa dala miliyan 41 a 2021 kan bayanan da ya yi game da ajiyarsa, yana da ikon daskarar da USDT a kowane adireshi, ko a Tron ko a Ethereum, kuma yana yi in hukumomi sun nema. Mai riƙe da USDT a layin da ke da masu tantancewa miliyan, a ƙarshe dai kamfani ɗaya ya ba amana. Wannan ne ya sa ban cika ɗaukar zafi ba in na ji ana kushe Tron da cewa mutum 27 ne: ga mai tura USDT ya sauke ta a rana ɗaya, wannan aibi bai kai nauyin da ake ba shi ba. Ga mai ajiyar shekara da shekaru, lissafin daban ne, can tsadar Bitcoin ko Ethereum take da ma'ana.

Saura cinikin yau da kullum na ainihi, cefane da kuɗin adaidaita da kati. A nan gaskiya ɗaya ce: a cikin Najeriya babu bulokcen ɗin da ya kama ƙafar tiransifa ta banki. 'Yan nairori ake cira gwargwadon adadi, alat ya shigo cikin daƙiƙoƙi, mai tumatir ma yana da lambar Opay ko Moniepoint a manne a tebur. Tana gazawa, kowa ya tuna wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023 da yadda tiransifa ke maƙalewa kwana da kwanaki, amma in ta maƙale akwai wanda za a riƙe wa riga. Ita kanta eNaira, da Babban Banki ya ƙaddamar ranar 25 ga Oktoban 2021, ba tsada ce ta kayar da ita ba, ba kuma rashin mai tsaya mata ba. Wani binciken Asusun Ba da Lamuni na Duniya a 2023 ya gano kashi 98.5 cikin ɗari na walat ɗinta ba a taɓa su a kowane mako. Ba mai karɓa, sai ba mai turawa.

Mafi arahar duk hanyoyin tura kirifto ma ba ta bi ta bulokcen sam. In ni da kai muna manhajar musaya ɗaya, zan turo maka da lambar asusunka, kyauta, nan take, domin kamfanin ne kawai ya rage a shafina ya ƙara a naka. Kaso mai yawa na abin da ake kira cinikin kirifto a wayoyin matasanmu irin wannan ne. Daɗinsa a fili yake, haɗarinsa kuma shi ne na kowane mai ajiya. Masu kuɗi a manhajar musaya ta FTX sun kwana da dukiya a Nuwambar 2022 suka tashi da allon da ba ya buɗewa. A gida kuma ƙofar naira ta sha rufewa: Babban Banki ya hana bankuna hulɗa da harkar ranar 5 ga Fabrairun 2021, ya janye a Disambar 2023, ba a yi wata uku ba gwamnati ta sa ƙafar wando ɗaya da kamfanin musaya na Binance, ta tsare jami'ansa biyu, kamfanin ya rufe duk wata hulɗa da naira a Maris 2024. A makonnin nan Tron bai fasa fitar da shafi kowace daƙiƙa 3 ba, Ethereum bai yi ko tari ba. Waɗanda USDT ɗinsu ke walat na kansu ba wanda ya taɓa musu ita, amma su ma sun wayi gari suna bin rukunonin WhatsApp da Telegram suna cigiyar amintaccen mai saye, suna karɓar farashin da a makon baya ba za su ko saurara ba.